Malam Mas'udu, Kwanon Awonka Yana Nan

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, Allah ya karɓi ran abokin aikina Malam Mas'udu Damri, malamin Hausa a makarantarmu da ke Talata Mafara, bayan doguwar jinya. Na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina da ka huta, Malam.

Kai ne ka zo mana da abin da muka riƙa yi maka dariya a kansa. Kafin ka ba yara insha'i, sai ka zana ma'auni a allo: ga irin gabatarwar da ke cin cikakken maki, ga mai cin rabi, haka hujja, haka tsari. Kowane ɗalibi sai ya auna aikinsa, ya ba kansa maki, kafin ya miƙo. Na ce maka ka ba kura ajiyar nama. Ka yi murmushi ka ce ko a kasuwar Damri, mai awon kirki ba ya ɓoye kwanonsa.

Da ciwo ya kwantar da kai, aka ba ni ajinka. Duk zuwana dubiya, ba ka tambayar komai sai, "Imrana, suna auna kansu?" Tsoronka kada ya zama don idonka suke yi, ba don gaskiya ba. Ni ma tsoron nake, don haka nakan kauce wa amsa.

Sai ranar da Mufida, ɗalibarka, ta biyo ni da takardarta. Ta ba kanta shida, ni kuwa na ba ta takwas.

"Mallam, shidda na, ba takwas ba," in ji ta. "Diba allo, ban kawo hujja ba."

Na duba, ta fi ni gaskiya. Aka tashi, na hau babur sai gidanka. Na ba ka labari, ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce, "Alhamdulillahi, yanzu sai in kwanta." Na gode wa Allah da na iso da wannan labari kana da rai.

Ina miƙa ta'aziyya ga matar marigayin, Malama Ikilima, da yara da dukkan dangi. Allah ya ba ku haƙuri. Ya Allah ka gafarta wa bawanka, ka haskaka kabarinsa. Bai tauye wa ɗan kowa awo ba, ka sa mizaninsa ya yi nauyi. Amin.