Dutsen Kawu Mai Ramuka

Jiya ina share ɗaki na ci karo da dutsen nan mai ramuka kamar saƙar zuma, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai. A bakin teku ya tsinto shi yana soja, kullum yana kan rediyonsa a Narayi.

Wata Lahadi da muka taso coci, ya kama ni ina goge kaushi da shi. Na sadaƙar zan sha duka, sai ya fashe da dariya.

"'Yata, shekara da shekaru igiyar ruwa na dukansa, gishiri na bushewa cikin tsagarsa yana cinye shi kaɗan-kaɗan. Ƙafarki ce za ta ba shi tsoro? Riƙe shi."

Har yau ban ga teku ba, amma na taɓa aikinsa. Allah ya ba Kawu hutawa.