Yadda Wurin Cajin Keke Ya Raba Ni da Taubashina

A wancan lokacin ni da bakina nake faɗa cewa duk unguwarmu ta Kawo ba a haifi wanda zai cuce ni ba. Nakan ce ko sauro ne ya shigo ɗakina sai na san unguwarsu da sunan kakarsa. Na yi ritaya daga aikin gwamnati da tumbina da surutuna, sai muka haɗa hannu da taubashina, ɗan gwaggona da ke zaune a unguwar Abakpa, muka buɗe wurin cajin keke-napep masu batir a bayan tasha. Kamfanin da ya kafa mana na'urorin ya ɗora mana manhaja a waya. Da ita ake kunna caji, da ita ake kashewa, da ita ake buɗe wa direba ko a hana shi. Mu biyu kaɗai muka san kalmar sirrinta.

Shi mutum ne shiru-shiru, ni kuwa bakina ba ya hutu. Kun dai san wasan taubasai. Tun muna yara nake kiransa ɓarawon kaji, har a gaban surukansa, shi kuma ya yi murmushi ya ce da ni acici. Wasa ne da iyaye suka halatta mana, ba wanda ya taɓa riƙe wani a zuciya.

Sai abu ya fara lalacewa. Direbobinmu su jona keke su tafi cin abinci, su dawo su tarar an katse wuta, batir yana nan yadda suka bar shi. Wasu baƙin fuska kuma su shigo su jona, na'ura ta buɗe musu kamar gidan ubansu, in ka tambaya su ce oga ne ya buɗe musu ta waya. Wani dattijon direba keke ya mace masa a kan gada da 'yan makaranta a ciki, ya turo shi har wurinmu yana haki. Na canza kalmar sirri, na gaya wa taubashina shi kaɗai. Abin bai tsaya ba. Na sake canzawa, bai tsaya ba. Nan wayon nawa ya yi min lissafi: mu biyu muka sani, ba ni ba ne, to saura wa?

Ban kira shi gefe na tambaye shi ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, direbobi sun cika rumfa, sai na ɗauko maganar a cikin rigar wasa. Na ce ɓarawon kaji ya samu ƙarin girma, ya koma satar wuta, yanzu gidansa ko jirgin sama na iya sauka don haske. Aka kwashe da dariya, sannan dariyar ta yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, don sun ga idona ba ya dariya. Ya dube ni ya daɗe, ya ajiye makullin wurin a kan benci, ya sa takalminsa ya tafi. Kafin sati sunan ɓarawon wuta ya bi tasha, ya shiga Abakpa, ya kai masallacin da yakan ja salla in liman ba ya nan. Aka daina miƙa shi gaba. Gwaggona, wadda ta goya ni, ta daina amsa gaisuwata.

Ya tafi, satar kuwa ta ci gaba. Da na matsa wa kamfanin suka turo wata injiniya. Ta duba ta ce wayoyi uku ne ke cikin manhajar, ba biyu ba, ta faɗi irin ta ukun. Nan take na gane ta. Tsohuwar wayata ce, wadda na musanya da sabuwa a Babbar Kasuwa. Na cire layi, na goge hotuna, amma ban fita daga manhajar ba. Ta bayyana min cewa tsarinsu ba ya korar wayar da ta riga ta shiga, ko sau nawa aka canza kalmar sirri. Kamar ka yi ta sauya kwaɗon ƙofa ne alhali baƙon yana zaune a falo. Wanda wayar ta faɗa hannunsa shi ke sayar wa baƙi wutarmu. Ta kore shi cikin ƙiftawar ido, ta ce rabin laifin nasu ne, za su gyara. Na'ura ta gyaru a ranar.

Na koma rumfar na faɗi gaskiya, amma gaskiya ba ta da ƙafar da barkwanci yake da ita. Har yau akwai masu kiransa da sunan nan, kuma daga bakina suka ɗauka. Don haka nake roƙon masu karatu, in za ku rabu da waya, ku fita daga duk abin da kuka shiga, ku sa a share ta tas. In kuna da irin wannan sana'a, ku tambayi kamfani ko canza kalmar sirri na korar tsofaffin wayoyi. Mafi girma kuma, kada ku ɓoye zargi a cikin wasa, don wanda aka jefa ba shi da ta cewa: in ya yi fushi a ce bai san wasa ba, in ya yi shiru a ce ya amsa.

Na je Abakpa neman gafara. Ya karɓe ni a zaure, ya sa aka kawo ruwa kamar baƙo. Halina bai bar ni ba, na ce in yana so zan yi rarrafe daga Kawo har ƙofar gidansa, in hayo masu kalangu su bi ni suna shelar cewa ni ne jakin. Na jira ko zai yi murmushi. Ya ce ya yafe tuntuni, amma ba zai dawo ba. Da zan tashi sai ya ce, a hankali yana kallon tabarma:

“Ba sai ka tara jama'a ba, ɗan kawu. Wancan karon ma da ni kaɗai ka tambaya, da ya isa.”