Lambata a Takardar Masu Ruwa

Da aka raba gadon Baba, eka ɗaya ce ta faɗo hannuna, can ƙarshen layin kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Baffa, ƙanin Baba, ya samu nasa rabon har ya fi nawa kyau. A lokacin aurena bai daɗe da mutuwa ba, na dawo gida ina jinyar Inna da ciwon ƙafa ya zaunar. Kowa ya ɗauka zan ba da gonar a noma mini. Na ce da kaina zan yi, na sa tumatir.

Wanda bai san noman rani a wajenmu ba sai ya zaci ruwa na nan kullum a kanal, ɗiba kawai ake yi. Ba haka ba ne. Bi da bi ake sha. Akwai wani dattijo da manoman layinmu suka ɗora wa buɗe ƙofar ruwa, yana da takarda mai lambar wayar kowane mai gona. In ruwa ya iso kanka sai ya kira ka, sau ɗaya, in ya ji tausayinka sau biyu. Ba ka ɗauka ba, ya wuce na gaba. Ni kuwa babu na gaba da ni, daga kaina sai a rufe ƙofa a mayar wa wani layin. An san ranar, amma ba a san sa'a ba, wani lokaci ma ruwan ya yi kwana biyu bai iso ba. Mai mara lafiya a gida ba ta zuwa ta tare a bakin kanal. Rayuwar tumatirina kacokan ta koma kan wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi.

A zagayen ruwa na uku na yi wautar da har yau in na tuna sai na ji kamar in mari kaina. Maƙwabtanmu suna da ƙaramar sola, na roƙa na jona wayar, sai na shimfiɗa ta kan faifan solar a tsakiyar rana. A tunanina tunda rana ce ke ba da cajin, to bari ita ma wayar ta sha da kanta, ta fi saurin cika. Ta yi zafi har ba ta taɓuwa, ta kashe kanta, ta ƙi tashi sai bayan la'asar. Dattijo ya kira ya gaji. Kwana takwas tumatirin ya yi yana jira, ganye ya lanƙwashe, fure ya zube a fangali uku na gonar.

Washegari Baffa ya zo. Ya gaida Inna, ya zauna, ya ciro wayarsa sabuwa fil ya ajiye a kan tabarma.

"Ke 'yar nan, ba faɗa na zo yi ba," ya ce. "Harkar ruwa harkar maza ce. A goge lambarki a sa tawa. In an kira ni, ni zan aiko miki."

"Baffa, na gode. A bar tawa."

"Wannan akwalar? Ai ko agogo ba ta kai ba."

"Ita ce dai, Baffa."

Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Amma na girma a layin nan, na ga yadda abin yake tafiya. Yau lambar mutum ce a takarda, gobe shi ake kira taron gyaran kanal, jibi shi ke cewa a sa shinkafa ko albasa, kafin damina biyu kowa na cewa gonar wane. Mai gonar tana ɗaka ana aiko mata da kwando ɗaya na tumatir tana godiya. Na rantse a raina ba zan yi wannan godiyar ba.

Ranar kasuwar Bunkure na sayo fawa banki mai nauyi, mai sayarwa na ta rantsuwa zai cika waya sau biyar. Sau ɗaya bai cika ba. Haushi ya sa na fasa shi da taɓarya, na tarar da ɗan batir kamar yatsa, sauran duk yashi ne a leda. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce yashin kanal bai ishe ni ba sai na sayo na kasuwa.

Daga nan na koma kan wayar kanta, na zama mata uwar marowata. Na rage hasken fuskarta har sai na kare da hannu nake ganin rubutu. Na kashe data, ba na kunnawa sai tana jone da wuta. Na hana ta rawar jiki in an kira, ƙara kawai. Na goge duk tarkacen da ƙawaye suka cika mini, masu bidiyon girki da na ɗinki, waɗanda ko ba ka taɓa su ba suna ci a ɓoye kamar gara. Na lura a ɗakin Inna sabis layi ɗaya ne, wayar na ta wahalar nemansa tana cinye kanta, amma a tagar zaure cike yake. Sai na buga ƙusa a can, gefen inuwa, kusa da randa inda sanyi yake, na ɗinka mata 'yar jaka na rataye ta. Wayar da ba ta kai azahar ta koma yin kwana biyu.

Duk waɗannan ba su dame ni ba. Abu ɗaya ne ya yi mini ciwo. Baba bai iya rubutu a waya ba, murya yake turo mini lokacin ina gidan miji. Suna nan guda goma sha ɗaya. Yawanci ba komai a ciki, gaisuwa ce da tari da kukan akuya a bayansa. Amma akwai wata doguwa da yake ba ni labarin ban ruwa kamar ya san zan buƙata. Tun rasuwarsa kullum sai na saurare su bayan sallar asuba, in maimaita, in sake maimaitawa, in buɗe hotunansa in yi ta kallo. Kafin in farga kwata na cajin ya tafi. Na daina. Kwanakin farko ji nake kamar na wuce shi a hanya ban gaishe shi ba.

Sai ga makon da ya gwada ni. Wutar lantarki dama mun manta kamanninta. Man fetur ya yi wuya, mai shagon caji ya rufe janaretonsa, maƙwabta kuma suka tafi biki Garun Mallam suka kulle solarsu a ɗaki. An ce ruwanmu Talata. Litinin da yamma ina da kashi sittin. Talata ta wuce shiru. Laraba ta wuce shiru. Tumatirin ya fara ɗaure 'ya'ya, lokacin da in ƙishi ya kama shi an gama. Na yi tunanin kashe wayar in riƙa kunnawa jefi-jefi, amma kira ɗaya ne, in ya faɗo a tsakani fa? Na bar ta a kunne a ƙusarta. Ko lokaci ban duba a kanta ba, inuwar katanga nake kallo.

Alhamis da hantsi saura kashi huɗu. Ban ɓoye ba, tsoro ya kama ni sosai. Kuma a ranar ne na fi son jin muryar Baba, na tsaya gaban jakar nan amma ban kunna ba. Ina cikin haka Baffa ya yi sallama. Ya leƙa fuskar wayar, ya ga jan layi, ya girgiza kai.

"Taurin kai ba noma ba ne. Bari in kira dattijon yanzu in ce ya neme ni. Na yau kawai."

"Babu na yau kawai a takardar nan, Baffa. Kun fi ni sani."

"To in ta mutu fa?"

"In ta mutu, tumatirina ne ya bushe, ba na kowa ba."

Inna daga ɗaki ta ce in ji tsoron Allah in rage murya. Na rage muryar, ban janye maganar ba. Baffa ya jawo kujera ya zauna a zauren, wai bari ya ga ƙarshen abin. Muka zauna mu biyu muna fuskantar jaka a jikin ƙusa. Kashi uku. Ya ci goro. Kashi biyu. Aka kira azahar, ya je ya dawo, ni kuwa a zauren na shimfiɗa sallayata.

Ina sallamewa ta yi ƙara.

"Ruwa ya iso kanki," in ji dattijon.

"Ga ni nan, Baba, kada a rufe."

Ban san ko ya ji ƙarshen maganar ba, fuskar wayar ta yi baƙi a hannuna. Na mayar da ita jakarta, na ɗauki fartanya da tiyo biyu. Baffa ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce bari ya kai ni a babur, rana ta yi zafi. Na hau, don babur ba takarda ba ne.

Mun tarar da ruwa ya cika ƙaramin kanal yana lasar baki. Baffa ya nuna fangalin farko ya ce in fasa nan. Na wuce shi na bi kunya har can ƙasan gona, inda ƙasa ta fi tsagewa.

"Wa ya ce miki daga can ake farawa?"

"A fara da na nesa tun ruwa na da ƙarfi, na kusa ba ya rasawa," na ce.

Sai da ta fita daga bakina na ji yadda na faɗe ta, da jan numfashin da ke tsakiya, har da gyaran muryar. Baffa ya tsaya cak, ya daɗe yana kallona, don ya gane maganar Baba ce. Ya cire hularsa ya goge fuska da ita. Sannan ya naɗe ƙafar wando, ya shigo cikin taɓo ya ce, "To, ina zan riƙe miki?"