Tsutsar da Na Sa wa Sunan Baba

Mahaifinmu manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Kajiji, a ƙasar Shagari, kuma har Allah Ya karɓi ransa bai taɓa ganin teku ba. A gidanmu kaf ni kaɗai na gani. Karatun ilimin dabbobi ne ya kai ni wata jami'a a kudu, daga nan wani malamina ya ja ni cikin aikinsa na tsutsotsin ruwan gishiri, masu zama cikin taɓo a inda kogi ke haɗuwa da teku. Suna ɗan kama da tanar da muke tonowa a fadama in za mu kamun kifi, sai dai jikinsu gaɓa-gaɓa ne kamar shanshani, kowace gaɓa da curin gashi mai tsini a gefe da gefe. Da siffar wannan gashi, da ƙahonnin kai, da jerin ƙananan haƙoran da ke cikin maƙogwaro ake gane wace ce 'yar gidan wace. Aikina ke nan. In shiga taɓo har gwiwa in tace su da rariya, in jiƙa su a kwalba, sannan in zauna gaban madubin ƙara girma ina duba haƙora har idona ya yi ja.

Shekarar da Baba ya rasu na ci karo da wata da ba ta dace da kowace a littattafanmu ba. Malamina ya duba, ya sake dubawa, ya ce sabuwa ce, kuma tun da ni na samo ta ni zan raɗa mata suna. A wannan fage kowace halitta suna biyu gare ta. Na farko na gidan da ta fito ne, wannan ba a taɓa shi. Na biyu nata ne ita kaɗai, kuma masana kan sa sunan wanda suke girmamawa. Ban yi dogon tunani ba. Na sa sunan Baba, aka ƙara masa wasali ɗaya a ƙarshe yadda ƙa'idar Latin ta tanada, aka buga a mujalla.

Da Babbar Salla na taho gida da mujallar cikin jaka. Na fara yada zango a Bodinga wajen yayata, wadda ita ce babba a ɗakinmu, ita ta goya ni, kuma tun rasuwar Baba maganarta ce ke tafiya a dangi ko da kuwa maza na zaune. Na same ta a tsakar gida tana suyar nama. Muka gaisa, ta ba ni ruwa, na buɗe mata shafin. Hoton tsutsar ya cika rabin takardar, ta turo maƙogwaronta waje, haƙora baƙaƙe a jere. A ƙasa ga sunan.

Ta yi firamare, tana iya karatun boko. Ta bi haruffan da yatsa mai maiƙo, sai ta tsaya.

"Mi na wanga?"

Na shiga yi mata bayani, ina ta murna. Na ce girmamawa ce, manyan malamai ake yi wa haka, kuma muddin ana karatun halittu a duniya sunan Baba ba zai ɓace ba.

Ta ajiye matsamin. "Ni tun da nit tashi ban taɓa kiran sunan ga da bakina ba. Inna ta zauna da shi har yam mutu ba ta hwaɗe shi ba. Kai ka ɗauka ka liƙa ma tsutsa, kowane ƙato shi buɗe baki shi kira shi gatsau."

"Yaya, ba haka abin yake ba."

"Ƙaƙa shike? Masallaci kag gina mai, ko rijiya? Mutumin da ko sauro bai cuta ba, ka rasa abin da za ka haɗa shi da shi sai abin da kaza ka ci. Tahi ka goge."

Na ce ba ya goguwa. Wannan ita ce gaskiya, domin da zarar an buga suna bisa ƙa'ida, ko wanda ya raɗa shi ba shi da ikon janye shi. Ita kuwa ta ɗauka taurin kai ne. Ta rufe mujallar, ta turo mini ita da bayan hannu, ta ci gaba da juya namanta. Ranar ban ci abincin gidan ba, ita ma ba ta ce in ci ba.

Na ji haushi ƙwarai, kuma har yau ban ga laifina ba. Ita da ba ta taɓa tambayata abin da nake yi a kudu ba, ba ta san cizon sauro da ƙaiƙayin taɓon da na sha ba, a zama ɗaya ta yanke hukunci. Na wuce ƙauye na kai ƙara wurin Baffa, ƙanen mahaifinmu. Ya saurare ni yana jan carbi. Ya ce niyyata mai kyau ce, amma da na yi shawara. Inna kuwa da na miƙa mata mujallar ta ƙi karɓa.

Da abin ya tsaya nan da wataƙila ya huce. Amma bayan damina matar babban ɗan yayata ta haifi namiji, aka sa ranar suna a Bodinga, kuma kowa ya san sunan Baba za a mayar. Na zo takanas. Da safe aka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, aka faɗi suna. Sai wani taubashinmu, mai kiwon shanu daga wajen Lambara, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ɗaga murya yana dariya.

"To, Allah Shi raya takwaran tsutsa."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Uban jaririn ya miƙe, sai da aka riƙe shi. Kafin a feɗe ragon maganar ta shiga cikin gida. Ina zaune a zaure sai ga yayata ta leƙo, lulluɓe da mayafi, ba ta ko dubi dattawan da ke wurin ba.

"Ka ji abin da kaj jawo muna? Jinjiri bai ko buɗe ido ba an yi mai laƙabi. Tashi ka bar min gida. Ranar da kag goge sunan ga ka dawo."

Na ce ai taubashin ya kamata ta kora, shi ya yi maganar banza. Ta ce shi wawa ne kowa ya sani, ni kuwa da karatuna na yi. Na sa takalmina na fita, mutane na kallo. A tasha na zauna ina jiran mota ta cika, raina na tafasa, na rantse a zuciyata ba zan sake taka gidan ba.

Shekaru suka wuce a haka. In na zo gida sai in wuce Bodinga ban sauka ba, in zarce Shagari, in hau babur zuwa ƙauye. In mun haɗu wajen rasuwa ko biki sai ta amsa gaisuwata tana kallon wani wuri. Yaron kuma laƙabin ya bi shi. Gida ana ce masa Baba Ƙarami, amma a unguwa 'yan'uwansa yara suna tsokanarsa da tsutsa, kuma duk ranar da ya dawo yana kuka sai labari ya iske ni ta bakin wani, da ƙari.

Ana nan sai wasu masana a ƙasar waje suka ɗauki wannan gidan tsutsotsi gaba ɗaya suka sake tantance shi. Suka gwada ƙwayoyin gado, suka fito da tsofaffin kwalabe daga gidajen adana kayan tarihi, suka raba gida ɗaya zuwa gidaje da dama. A ciki suka gano cewa tawa ba sabuwa ba ce. Wani Bature ya riga ya samo irinta tun zamanin jiragen ruwa masu filafilai, ya yi mata zane marar kyau wanda bai nuna haƙoran daidai ba, shi ya sa muka kasa gane ta. Ƙa'ida kuwa ita ce sunan da ya riga shi ke tsayawa. Na aika a turo mini hotunan tasa, na kwatanta da tawa ina neman inda suka yi kuskure. Ban samu ba.

Abin ya yi mini ciwo, amma na ce aƙalla rigima ta ƙare. Na karya rantsuwata, na sauka Bodinga. Na yi sallama, ta amsa daga ɗaki, ta fito ta tsaya bakin ƙofa ba ta shimfiɗa mini tabarma ba. Ta tsufa, ta rame. Na gaishe ta a tsaye, na ce sunan ya faɗi, yanzu da wani suna ake kiran tsutsar.

"An goge shi?"

Da na ce e da an wuce wurin. Amma ban saba yi mata ƙarya ba. Na ce ba a gogewa ɗungum, ana rubuta shi da ƙananan haruffa a ƙarƙashin tsohon sunan, don masu bincike su san abu ɗaya ne.

Ta kalle ni. "Wato ka kai ubanmu wurin tsutsa, can ma anka ce bai isa ba, anka maishe shi ƙasan wani."

"Yaya, ke kika ce a cire, yanzu an cire."

"Ni cewa niy yi kai ka cire da hannunka. Ba ka cire ba, ƙwace maka anka yi. Da ba su ƙwace ba da ka zo?"

Na ce mata ni dai na yi abin da ya kawo ni, kuma in aka ba ni dama gobe sunan Baba zan sake sawa, don ni na san darajar abin ko ita ba ta sani ba. Ta ce in na sake, ko gawarta kada in zo. Na ce Allah Ya ba mu alheri. Ta juya ta saki labule, ni kuma na koma tasha na nemi motar Shagari.