Karen da ba ya jin Turanci

A gidajen council, wato na ƙaramar hukuma, da nake zaune a Edmonton, ƙofata da ta maƙwabcina suna kallon juna. Mutumin Sifen ne, yana da wani baƙin kare kamar ɗan maraƙi, wanda bai taɓa sa wa igiya ba. Ni kuwa yadda aka rene ni, takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa.

Wata Juma'a na fito za ni masallaci, sai ga karen a kwance yana tsotsar takalmina. Na daka masa tsawa da ɗan Turancin da na tsira da shi daga aji huɗu. Ko kunne bai kaɗa ba. Mai shi ya leƙo yana dariya, wai karensa ba ya jin Turanci. Ya ce da yarensu, "Suéltalo!" Nan take kare ya saki. Haƙuri kuwa ba a ba ni ba. Haka aka yi ta yi, har na yi complain a council, suka ce in riƙa shigar da takalmina ciki. Ka ji shari'a!

Matata Hajiya ta ce, "Malam, ka bar shi da Allah mana."

Na ce, "Zan bar shi, Hajiya. Bari dai in gama da shi tukuna."

Sai na shiga makaranta a bayan labule. In maƙwabcin ya jefa wa karen ƙwallo ya nuna shi, sai ya ce, "Tráemelo," wato kawo mini shi. In ya zuba abinci, "Cómetelo," wato cinye shi. Su umarninsu a dunƙule yake kamar curin fura, ba sai an tsaya jero kalmomi ba.

Da lokacin zafi ya shigo, maƙwabcin ya tara baƙi a filin bayan gida ana gashi. Ya sauke wani ƙaton nama a faranti don ya huce, ya juya yana zuba surutu. Na gyara zaman hulata, na nuna farantin, na ce, "Tráemelo!"

Ɗalibi ya ci jarrabawa. Kare ya sunkuto naman ya dire a gabana. Ashe na alade ne! Na tattare babbar riga ina a'uzubillahi, ga mai shi ya taho a guje yana ihu. Kafin ya iso na ce, "Cómetelo!" Baƙi dai burodi da latas suka ci.

Washegari aka sayo igiya. Gaisuwa kam ya daina yi mini, ni ma ban je biko ba.