Sandar Giyar da Aka Zaɓa wa Alhaji Buba

Ranar da Alhaji Buba ya shigo garejina da jar motarsa ba ta taɓa fita daga raina ba, ko da yake yanzu na ajiye sifana na bar muku wurin. Ƙarshen damina ne, a shekarata ta ƙarshe a bakin aiki, muna nan bayan Wunti. Na fara kanikanci a Kaduna, kamfani ya tura ni horo Faransa, daga baya na zauna Jidda da Duwala da Nairobi. Na ɗauka babu abin da direba zai yi da mota ya tsorata ni. Ashe da saura.

Alhaji Buba tsohon ma'aikacin safiyo ne, ya haura saba'in, gidansa na Gwallameji. Bafulatani ne, ni kuma Babarbare, don haka ba ma haɗuwa sai mun yi wasa. Motar tasa irin ta tsere ce, ƙirar Japan, ƙofa biyu, kujera biyu, mai giyar hannu. Da ya yi ritaya ya saye ta, kuma in ban da shi da ni ba wanda yake taɓa sitiyarinta. Na kwana biyu ban gan shi ba, an ce ya ɗan yi rashin lafiya ya warke.

Da ya fito na miƙa masa hannu, sai ya bar nasa a cikin babbar riga ya ce, "Bukar, bawa ba ya gaisawa da ubangidansa da baƙin mai."

Na ce, "Ɗan Fulani, yaushe ka bar bin shanu har ka san tsabta?"

Muka yi dariya. Ya nuna mini kwali a kujerar gefe, ya ce 'yarsa Ummi ce ta yi masa odar sababbin sandunan giya daga waje. Ummi malama ce a wata babbar makaranta a nan garin, sunan mahaifiyarsa gare ta, kuma ba ya ƙetare maganarta.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba 'yan sana'a ba. Sandar giya da mota take zuwa da ita daga kamfani tana da doguwar tafiya daga lamba zuwa lamba. Masu son gudu sukan cire ta su sa wata mai gajeriyar tafiya, don hannu ya yi saurin komawa kan sitiyari. Amma abin da ka rage a tafiya, da ƙarfin hannu za ka biya shi. Kowa a cikinku ya san dogon sifana ya fi gajere sauƙin kwance noti. Haka abin yake.

Na baje su a kan benci, guda uku ne. Ta farko ta ɗan rage tafiya, tana da roba a gindi mai shanye jijjiga. Ta biyu ana iya daidaita tsawonta, kanta yana da nauyi, kuma nauyin yana taimakon hannu. Ta uku ƙarfe ce zalla, gajeriya, irin wadda na gani a motocin filin tsere a Faransa, inda matasa masu damtse suke zufa a kanta.

Alhaji ya nuna ta ukun da haɓa. "Wannan za ka sa. Ummi ta ce da ɗan yatsa ake tura ta."

Na ce, "Alhaji, akasin haka ne. Wannan ta fi duka tauri. A cunkoson Wunti, kafin ka kai shataletale kafaɗarka ta gaji."

"Kai ka fi Ummi karatu ne?"

"Ban fi ta ba. Amma ba zan zaɓa maka ba sai na ga yadda kake sa giya."

A nan garin an saba bakanike ne yake fita gwajin mota, mai ita yana zaune a inuwa. Wani tsohon ogana a Faransa ya koya mini cewa kujera da sitiyari da sandar giya kamar takalmi suke, sai an ga ƙafar mai shi. Alhaji ya yi ta kawo uzuri, wai rana ta yi, wai yana da baƙi. Na buɗe ƙofar gefe na zauna na ce ban fita.

Ya tayar da mota. Na ga ya miƙo hannun hagu ya sa lamba ɗaya, na ɗauka rigarsa ce ta naɗe masa ɗaya hannun. Muka hau titi. Da injin ya nemi lamba biyu, sai na ga Alhaji ya ɗago gwiwarsa ta dama ya tokare sitiyari da ita, ya saki sitiyarin gaba ɗaya, ya karkato da jikinsa ya ja giyar da hagu. Babu hannu ko ɗaya a kan sitiyari. Na daman yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba.

Kafin in yi magana ya sake yi zuwa lamba uku. A gabanmu akwai keke mai ƙafa uku cike da mata, ɗaya da goyo. Tayarmu ta faɗa wani ɗan rami, motar ta zille ta nufi keken, shi kuwa kansa yana sunkuye wajen giya. Na cafke sitiyarin na mayar da ita, ina salati da ƙarfi. Mai keken ya leƙo yana zaginmu, bai san abin da ya tsallake ba.

Na ce, "Alhaji, don girman Allah tsaya!"

Ya gangara gefe ya tsaya. Shi ko a jikinsa. Ya ce, "Me ya firgita ka? Da hagu na koyi sa giya, tun kafin ƙasar nan ta canza hannun tuƙi."

Na ce, "A lokacin sitiyarin yana dama, giyar tana hagunka. A Nairobi haka na yi ta tuƙi. Amma ban taɓa ganin inda gwiwa take tuƙa mota ba."

A nan ya gaya mini. Hawan jini ne ya buge shi bara, ya taɓa masa ɓarin dama. Ƙafar ta dawo, hannun bai dawo ba. Yana iya motsa yatsun, amma ko kofin shayi ba ya riƙewa. Ya ce iyalinsa sun ɗauka ya warke sarai, kuma in na faɗa wa wani bai yafe ba. Ni na tuƙo mu muka dawo. Na ce masa giyabos yana buƙatar dubawa, ya bar motar, ya hau keke ya tafi.

Washegari Ummi ta zo garejin da kanta. Muka gaisa, ta ce, "Baba Bukar, an sa masa?"

Ina ta neman yadda zan yi mata magana ba tare da na tona asirinsa ba. Na ce, "Hajiya, wadda kika zaɓa ta fi ƙarfin dattijo. Wataƙila masu sayarwa ne suka ruɗe ki."

Ta sunkuyar da kai. "Ba wanda ya ruɗe ni. Na karanta, na san ita ce mafi tauri. Shi ya sa na ce ita za a sa."

Na zauna a kan tayar da ke kusa da ni.

Ta ce duk gidan sun sani. Mahaifiyarta ta sani, yayyenta sun sani, har maigadi. Suna ganinsa yana cin tuwo da cokali a hagu, a ɗakinsa, ƙofa a rufe. Duk ranar da ya fita da motar, mahaifiyarta ba ta barin kan sallaya sai ta ji ƙarar injin a ƙofar gida. Ta ce, "Wa zai dubi idon Baffa ya ce masa ka nakasa? Sai muka yi shawara, in giyar ta ƙi shiga, zai ce motar ce ta lalace, ya haƙura da kansa. Sauran biyun na haɗa ne don kada ya yi zargi."

Wannan ya fi abin da na gani a titi girgiza ni. A Faransa na taɓa ganin ɗa ya fizge makulli daga hannun ubansa a gaban mutane, abin ya daɗe yana yi mini ciwo. A Jidda kuwa direba za a ɗauko masa, a wuce wurin. Mu kuma kunya ta sa gida guda ya yi wata da watanni yana kallon mutum yana fita da ransa da na jama'a a kan gwiwa, a ƙarshe aka aiko ƙarfe ya yi maganar.

Na ce, "Ummi, kin san mahaifinki. In ta yi tauri ba zai haƙura ba. Zai ƙara sunkuyawa ne ya ja da dukan jikinsa, idonsa ya ƙara daɗewa ba ya kan titi. Ba zan sa ba."

Ta fara hawaye. "To wa zai faɗa masa?"

Da la'asar na je Gwallameji. Abin da ɗa ba zai iya faɗa wa Bafulatani ba, Babarbare yana iya faɗa. Na same shi a zaure, na juya harshe zuwa Fulatanci don kada masu wucewa su ji. Na ce, "Yau ubangida ne ya zo wurin bawansa da umarni. Ba za ka ƙara tuƙa motar nan ba. In ka kashe matar mutane da goyonta, me za ka ce wa Allah?"

Bai mayar mini da wasan ba. Ya dubi tabarma ya ce, "Ummi ta san sandar nan ta fi tauri?"

Na kawar da kai gefe.

Ya ce, "Ashe duk sun sani." Ya tashi ya shige gida, ko sallama bai yi mini ba.

Motar ta yi makonni a garejina a lulluɓe. Na ɗauka zumuncinmu ya ƙare. Sai ga shi wata safiya tare da Ummi. Ya ce in ɗaura ta biyun, mai nauyin kai, in ja ta zuwa iyakar tsawonta. Na ce ai mun gama wannan maganar. Ya ce, "Yi aikinka, bawa."

Da na gama, Ummi ta shiga wajen direba, shi ya zagaya ya zauna a kujerar gefe. Sai a lokacin na lura: daga can, sandar tana daidai hannunsa na hagu. Ya kama ta ya ce, "Taka, Uwata!" Ta taka kuloci, ya jefa lamba ɗaya. Suka fita, na ji ya sake cewa "Taka!", lamba biyu ta shiga ba ko ƙara. Na tsaya a bakin titi baki buɗe. Duk yawon da na yi ban taɓa ganin mutum biyu suna tuƙa mota ɗaya ba, kuma ba zan ce muku hankalina ya kwanta da shi ɗari bisa ɗari ba. Amma hannu biyu suna kan sitiyari, ido biyu suna kan titi. Har yau ranar Asabar akan gan su a hanyar Dass.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutanenmu ba kasafai suke kawo wa bakanike matsalarsu kai tsaye ba. Sukan kawo kwali su ce a ɗaura. In wani ya dage a kan kayan da kuka san bai dace da shi ba, kada ku yi saurin cewa bai sani ba, kuma kada ku ɗaura don a rabu lafiya. Ku shiga motar ku zauna a gefensa, ku ga yadda yake tuƙi.