Ranar da Buzu Ya Juya Mini Baya

Wata Alhamis ce ta bazara, shekarar da aka saka ni rabin aji a garinmu Sule Tankarkar. Sararin sama fes kamar an wanke shi, ni kuma ina tsaye a gindin bishiyar maina sanye da ɗan hijabina, na rungume moɗa a ƙirji. Ranar ce layi ya zo kaina na shayar da matafiya.

Malamarmu Anti Rakiya ce ta ƙirƙiro wannan aiki. Makarantar tana bakin hanyar da masu dabbobi ke bi zuwa kasuwar Maigatari, don haka duk Alhamis sai ta sa a fito da randa ƙofar makaranta, mu yi ta jido ruwa daga tuƙa-tuƙa a 'yan gwangwanayenmu, rabi a randa rabi a jikinmu, muna waƙa. Wanda layi ya zo kansa shi ke riƙe moɗa. Zai gaida baƙo, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu, ba kuma ya tambayi daga ina mutum yake. "Ƙishirwa ba ta da ƙabila," in ji Anti. Wanda ya tsere ko ya yi rashin kunya, sai layi ya sake zagayowa, abin da a wurinmu ya yi nisan shekara.

Na daɗe ina mafarkin baƙona zai zo bisa farin doki. Sai ga raƙumi. A kansa wani dogon Buzu ne, ya naɗe fuska da baƙin rawani, idanu kawai ake gani. Yara suka watse bayan Anti, Sabi'u sarkin tsokana yana ihu: "Hindatu, gudu, zai saka ki a mangala!" Ni dai na tsaya. Ya gurfanar da raƙumin, na durƙusa na miƙa masa moɗar ruwa. Ya karɓa, sai kawai ya juya mini baya.

Na fashe da kuka, na ɗauka ƙyamar ruwana ya yi. Anti ta tsuguna ta share mini hawaye da bakin mayafinta mai ƙamshin turaren wuta, ta raɗa mini: "Sha yake yi, 'yata. Mutanensu ba sa buɗe baki a gaban jama'a. Kowa da irin kunyarsa, taki ita ce ki kau da ido." Na sunkuyar da kai ina sauraron maƙwat-maƙwat ɗinsa. Da ya juyo, idanunsa na dariya, ya miƙo moɗar ya ce da Hausarsa mai lanƙwasa: "Ƙaro mini, uwata." Uwata! Yinin ranar ko ƙasa ban ji ina takawa ba. A wasan gaɗa ma ni aka sa tsakiya, Sabi'u kuwa har aka tashi yana roƙona in bar shi ya taɓa moɗar.

Yanzu manyan motoci ke kwasar dabbobin, su wuce da gudu ba mai tsayawa. 'Yata tana zuwa rabin aji a Gumel da gorar ruwa mai ɗauke da sunanta, kullum kuma da bakina nake ce mata kada ta bari kowa ya sha. Ita ba ta taɓa samun baƙon da zai kira ta uwa ba.